Bijimai biyu, kitse iri biyu

Bara na turke bijimai biyu ƴan Azawak da na sayo a kasuwar Dole ta Damagaram ran alhamis, kusan kansu ɗaya, daga garke ɗaya ma suka fito. Guda na ɗaure shi nan gida Birni, ɗayan na kai wa ƙanena Mirriya don wuri ya yi mana kaɗan. Nawa dusar gero yake ci da harawa da tsakin masara, na Mirriya kuwa gurya aka riƙa ɗura masa tunda ita ta samu da araha, sai ɗan kara.

Da farko wauta na tabka, satin farko na cika masa roba da tsaki wai in ga ya yi saurin ƙiba, kwana biyu sai zawo, ya bar tuƙa ya tsaya yana ta nishi. Likitan bisashe ya ce tumbin ne ya yi tsami, hatsi sannu sannu ake ƙara shi cikin sati 2 zuwa 3, kuma kar harawa ta yanke.

Bayan wata 4 aka yanka su. Mahaucin ya yanko ɗan kitsen nawa ya murza sai ga shi yana narkewa a yatsa, ya ce Malam wannan na balangu ne. Na Mirriya fa tauri kamar kyandir, in naman ya huce sai ka ji maiƙo ya liƙe maka a baki.

Ɗan yayata da ke karatun kiwo a jami'a shi ya warware mini. Ya ce kawu ƙwayoyin gadonsu ai kusan ɗaya ne, abinci ne ke tada wata ya kwantar da wata. Hatsi in ya ruɓa a tumbi, hanta na mayar da abin da ya fito sukari, kuma kitsen da ke shiga tsakanin tsoka sukari ya fi so. Sannan akwai wata ƙwayar gado SCD da ke ƙara aiki in sa na cin hatsi, ita ke sa a juya kitse mai tauri, siteyarik, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa, ya koma oleyik, irin wanda ya yi yawa a man gyaɗa. Man gurya kuma yana ɗauke da wani sinadari da ke toshe wannan aikin, shi ya sa na Mirriya ya daskare.

Na ce to in na dage da masara zan samu irin naman Wagyu ɗin Japan da nake gani a Facebook? Ya yi dariya ya ce shanunmu masu tozo ba su zuba kitse cikin tsoka haka, yawanci tozo da ciki da ƙarƙashin fata yake tafiya.

Mai kilishi dai ko a jikinsa, cinyar na Mirriya ya ɗauka, shi jan nama zalla yake nema. Bana na ce wa ƙanena gurya kar ta wuce ɗan kwano, ya ce to ni in biya kuɗin dusa.