Abin da nahawu ya rage mana a kuɗin hayar na'ura

A hunturun bara mu uku muka kama wani ɗan ɗaki a kan titin Bauchi a Jos, da niyyar horar da ƙaramar manhajar harshe, wato manhajar kwamfuta mai koyon harshe daga rubutu, ta iya Hausa. Hayar na'ura mai ƙarfi ta intanet da dala ake biya, wuta kuma sai ta ga dama. Wata manhajar harshe mai suna AfriBERTa ce ta ba mu ƙwarin gwiwa: a 2021 aka horar da ita da rubutun da bai kai gigabayit ɗaya ba, na harsunan Afirka 11, har da Hausa.

Zagayen farko asara muka tafka. Mun zuba rubutun yadda muka kwaso shi, muka bar BPE, wani tsarin kwamfuta na gutsuttsura kalmomi, ya yanyanka su. Shi kuwa BPE ƙirga kawai ya iya, haruffan da suka fi yawan zuwa tare su yake haɗewa. Wani marubuci ya sa ƙ, wani k', wani k zalla, sai "ƙafa" da "kafa" suka cakuɗe.

Wani maƙwabcinmu, tsohon malamin Hausa, ya leƙo shan shayi ya duba allon. Ya ce, "Yarana, kun ba ta sayi, sayo, saye da sayar kamar baƙin juna, alhali uwarsu ɗaya." Na ce, "Baba Malam, to ya za mu yi?" Sai ya zana mana azuzuwan aikatau bakwai da wani masanin Hausa mai suna Parsons ya tsara a 1960, ya nuna cewa saiwa ba ta motsi, wasalin ƙarshe ne ke nuna ko aikin ya nufo mai magana ko ya ƙare ƙaf.

Muka daidaita haruffa masu lanƙwasa, muka riƙa yanka a mahaɗar saiwa da ɗafi (ƙarin da ake liƙa wa saiwar kalma), muka ware -n da -r na mallaka, kamar a "wandon Audu" da "rigar Audu". Manhajar ta kai inda ta farko ta tsaya tun kafin kuɗin hayar ya ƙare.

Ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni. Na rubuta doka a cire ma- a farkon kowace kalma, tunda "makaranta" daga "karanta" take. Washegari na tarar "madara" ta koma "dara", "mace" ta koma "ce". Kwana biyu na yi ina jera kalmomin da dokar ba ta shafa ba.

Karin sauti da tsawon wasali kuwa har yau suna ba mu ruwa, domin boko ba ya rubuta su. "Gari" na tuwo da "gari" na mutane, sai dai manhajar ta lalubo daga kalmomin da ke kewaye.