Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Shekarar da aka yanke burus

Makon jiya na tsaya a ranar da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito. Wasu 'yan uwa sun kira ni a kan in sassauta wa Baffa tunda ƙasa ta rufe masa ido. Allah ya jiƙansa da rahama. Amma abin da ya faru ya faru, kuma ba zan ba da labarin 1993 in tsallake shi ba.

Yaran yanzu ba za su yarda ba in aka ce musu a ƙasar nan ta Kamaru an taɓa biyan ɗalibi kuɗi don yana karatu. Yaya Babba, ɗan Baffa na fari, ya ci wannan zamani a Yawunde. Kuɗin rajista sefa 3,300 ne kacal, ga burus, wato kuɗin da gwamnati ke biyan ɗalibi, yana shigowa. In ya zo hutu Garwa har da tsarabar atamfa ga iyayenmu mata. Ni da na taso ina kallonsa, lissafina shi ne in haye bak kawai, sauran na gwamnati ne.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, aka sauya komai. A farkon 1993 aka raba jami'ar Yawunde, aka wayi gari da jami'o'i shida, har da tamu ta Ngaundere. Mun yi murna, karatu ya matso arewa. Sai dai a cikin gyaran nan aka soke burus, aka ce kowane ɗalibi zai biya sefa 50,000 a shekara.

Na sami Baffa a zaure bayan la'asar, yana jera goro a kan ganye yana yayyafa masa ruwa. Shagon goron na mahaifinmu ne, kowa a Yelwa ya san haka, a hannun Baffa ya zauna tun rasuwar mahaifin namu. Na durƙusa na ce, "Baffa, na samu shiga jami'a, ga abin da ake nema." Bai ɗago ba. Ya ce, "Takarda ba ta shiga tukunya. Ka zo shago." Shi ke nan maganar. Mutumin da ɗansa ya ci kuɗin takarda shekara da shekaru, har aka yi wa ɗakin uwarsa rufin kwano da shi.

Inna ce ta tsaya. Ta kwashe kwallayen da ta jera tun aurenta ta ba dillaliya, ta haɗa da zubin adashenta na ƙuli-ƙuli. Da daddare ta kwance haɓar zane a gaban fitila, tana miƙe takardun ɗari biyar-biyar da tafin hannu saboda sun cukwikwiye, duk suna ƙanshin man gyaɗa. Rabin kuɗin ke nan, da shi na yi rajista. Ragowar rabin, wani ɗan ƙanwarta malamin firamare ya ɗauki alkawari.

Bai iya cikawa ba, amma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. A shekarar nan sau biyu aka zaftare albashin ma'aikata, na biyun ya fi na farko zafi. Ana cikin haka, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Littafi daga Faransa yake zuwa, ya ninka. A Dang, inda jami'ar take, mu uku muke ɗaki ɗaya, gari da ƙuli muke sha, sanyin Ngaundere kuwa ba ya tausayin mai yunwa. Na rubuta wa Baffa wasiƙa. Amsar da ɗan aike ya kawo ita ce dai waccan, wai a gaya mini takarda ba ta shiga tukunya. Ban kai ƙarshen shekarar ba na hau mota na dawo.

Abin da ya sa maganar ta dawo mini sabuwa, ɗana ne. Na rantse ba zai ji abin da na ji ba. An ce tun 2000 firamare kyauta ce, amma duk uban da ya kai yaro ya san kuɗin ƙungiyar iyaye, ga riga, ga littattafai, ga kuɗin jarrabawar CEP ta gama firamare, da BEPC, probatuwar da bak na sakandare, kowacce da tamburanta. Da keken ɗinki na biya su ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi jami'ar Marwa, wadda aka buɗe a 2008, ya fito da lisans, wato digirin farko. Sefa 50,000 ɗin tana nan yadda take, amma hayar ɗaki da abinci sun ninka ta ba adadi.

Yau yaron nan babur yake ja tsakanin babbar kasuwa da Rumde Ajiya. Duk konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da aka buɗe sai ya haɗa dosiye na takardun nema, tambur ɗin gwamnati da muka sani na 1,000 ya koma 1,500, ga kuɗin rajista, ga na mota. In bai ci ba, kuɗin sun tafi. Marar aiki a nan ba a ba shi ko dala a ƙarshen wata, uwa da uba ne asusunsa. Shekaru kuma suna tafiya, yawancin konkur in ka haura 32 an rufe maka ƙofa. Litar man da yake saye 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024, ga balas ɗin mai babur kullum.

Rannan wajen suna, wata daga 'ya'yan Baffa ta dubi ɗan nawa ta ce, "Ashe Baba ya yi gaskiya." Na ce mata, "Hajiya, tukunyar gidanku da takardar Yaya Babba aka ɗora ta, da goron ubana aka yi mata cefane." Aka yi tsit. Har yau ba ta gaishe ni ba, ni kuma ban janye ba.

'Yata, ƙanwar yaron nan, tana ajin bak bana, likita take so ta zama. Na riga na shiga adashi saboda ita. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi rabon shagon goro, da wanda ya zauna a matsayin shaida.