Ranar da aka ce in sauke rubutuna

A watan Disamban 2021, bayan 'yan bindiga sun ƙona matafiya cikin mota a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, ni da abokaina uku muka buɗe shafi a Facebook muna yaɗa maudu'in #NorthIsBleeding, wato Arewa na zubar da jini. Ba mu da ubangida. Duk jihar da aka zubar da jini sai mun kira sunan gwamnanta, ko ɗan wace jam'iyya ne. Da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, kullum da safe mukan rubuta kwana nawa fasinjojin suka yi a daji. Mutane sun yarda da mu, har waɗanda aka sace wa 'yan uwa suna turo mana labari.

Sai aka buɗe yaƙin neman zaɓe a ƙarshen Satumban 2022. Wani ɗan takarar majalisa ya nemi in shiga cikin sojojin bakarsa. Na amince, don na ga mutumin kirki ne, kuma gaskiya kuɗin data na wata-wata bai yi mini ɗaci ba.

Ba a yi wata biyu ba aka kai hari wani ƙauye a jihar da jam'iyyarmu ke mulki. Na rubuta kamar yadda na saba. Kafin la'asar shugaban kwamitin yaɗa labaranmu ya kira ni: "Malam, don Allah ka sauke wannan, ka bari sai bayan zaɓe. Yanzu makami ne kake miƙa wa 'yan adawa." Ta fuskar aikinsa yana da hujja, domin mai neman ƙuri'a sai ya zaɓi abin faɗa da lokacin faɗarsa. Amma mutanen ƙauyen a ranar suke binne gawawwakinsu.

Na sauke. Nan na yi kuskure, kuma kuskuren da ya fi shi girma shi ne ban taɓa sanar da masu bibiyarmu cewa na ɗauki ɓangare ba. Da na ajiye shafin a hannun abokaina, na koma tallan ɗan takarana da sunana a fili, da ba wanda zai zarge ni.

Wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun. Har yau in na yi maganar tsaro sai an manna shi a ƙasa, a tambaye ni nawa aka biya wannan karon.