Littafin da ya sa na daina tura bidiyon Sudan

Kusan kullum in na taso daga kasuwa sai na tsaya wajen mai shayinmu a nan Agege, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ba a rasa wanda zai miƙo maka waya ya ce kalli wannan. Hayaƙi, gawa a titi, mata na gudu da goyo. Mu ce innalillahi mu kurɓi shayi, wani ya ce ai faɗan janar biyu ne, Burhan da Hemedti kowa kujera yake so, shikenan an gama sharhi a koma musun Arsenal. Ni ma haka nake fa, har ina cikin masu turawa a WhatsApp.

Ƙanin maƙwabcina yana karatu a Jami'ar Afirka ta Khartum lokacin, yana cikin ɗaliban da aka kwaso ta iyakar Masar. Yaron nan da an kunna bidiyo sai ya tashi ya bar shayinsa. Rannan na matsa masa sai ya ce "Yaya ni ban iya ba da labarin ba, amma karanta wannan", ya ba ni littafin labari mai suna Masihu Darfur na Abdul'aziz Baraka Sakin.

Larabcina na Islamiyya ne, na sha wuya wallahi, kusan wata biyu ina kai, yawanci a danfo in gosulo ya riƙe mu a hanyar Oshodi, kwandasta na ta ihu ni ina ta duba ma'anar kalma a waya. A 2012 littafin ya fito, hukumar can ta hana shi, marubucin ma ƙarshe barin ƙasar ya yi. Akwai wata yarinya a ciki mai sunan maza, Abdurrahman, 'yan Janjawid, mayaƙan sa-kai masu goyon bayan gwamnati a yankin Darfur, sun hallaka danginta ita kuma ba abin da ta sa a gaba sai ramuwa. Da farko tausayinta nake ji, can gaba na fara jin tsoronta, kuma har na rufe littafin na kasa cewa ta yi laifi.

To a nan ne maganar "janar biyu" ta fara ba ni kunya. RSF ɗin nan, wato rundunar Hemedti, ai Janjawid ne Al-Bashir ya ɗinka musu kaki a 2013, yaƙin Darfur kuwa tun 2003 ake yinsa. Kenan da aka yi wa ƙabilar Masalit kisan gilla a garin Janaina na Darfur a 2023, mu muna ganin sabon abu ne, matar da ke gudun kuwa ƙila tana yarinya ta taɓa yin irin gudun, masu korar ma su ne dai. Duk wannan na sha ji a rediyo, bai taɓa zama min ba sai da na yi wata biyu tare da mutum ɗaya, wato yarinyar nan ta cikin littafin.

Littafi dai idon mutum ɗaya ne, ba zai gaya maka wa ke sayen zinare ko wa ke turo makamai ba, wannan sai labarai. Kuma mu ɗin nan ba baƙin ƙasar ba ne, ta Janaina da Fashir kakanninmu ke bi zuwa Makka a ƙafa, ga Mai Wurno can bakin kogin Nilu inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau ana Hausa a can.

Da na mayar masa da littafin ne ya buɗe baki karon farko. Ya ce akwai wata mai shayi a ƙofar makarantarsu, 'yar Niyala ce ta Darfur, takan ba shi bashi in kuɗi bai iso daga gida ba. Ya ce har yanzu tana binsa na kofi huɗu, lambarta kuma tun lokacin ba ta shiga.