Abin da tantance alƙaluman teluriyam-130 ya koya mini

Duk wanda ya taɓa yin lissafin tukunyar nukiliya, ko ya auna ma'adinan da ke cikin dutse ta hanyar jefa masa nutiron, to ya jingina da wasu kundayen alƙaluma da ba shi ya rubuta ba. Amurka na da nata mai suna ENDF/B, Japan na da JENDL, ƙasashen Turai na da JEFF, ga kuma TENDL wanda akasarinsa lissafin kwamfuta ne. Yawancinmu sauke su kawai muke yi daga intanet, mu zuba wa manhaja, mu karɓi amsa. Haka ni ma nake yi har zuwa lokacin da aka ba ni aikin kammala digiri na biyu: in ɗauki teluriyam-130, in bi sawun duk awon da aka taɓa yi kan yadda yake kama nutiron, in fitar da alƙaluman da zan iya tsaya musu a gaban kowa. Wannan aiki shi ake kira tantancewa. Mai tantancewa ba ya yin awo da kansa. Awon wasu yake tarawa, ya haɗa da abin da nazariyya ta ce, sannan ya yanke hukunci ya sa hannu.

Teluriyam shi ne sinadari na 52, kuma iri takwas ne ake samu a ƙasa, daga mai nauyin 120 zuwa mai nauyin 130. Na 130 ɗin ya fi yawa, kusan kashi 34 cikin 100. Dalilin da ya sa aka damu da shi a fili yake. Idan ya kama nutiron sai ya zama teluriyam-131, wannan kuma ya rikiɗe ya zama aidin-131, wanda asibitoci ke bai wa masu ciwon ƙullin maƙogwaro da masu sankararsa. Aidin-131 rabinsa ke ƙarewa duk kwana 8, don haka ba a iya tara shi a ajiye. Kullum cikin samar da sabo ake, kuma mai samarwa yana son ya san nawa zai samu daga kowane giram. Akwai kuma masu binciken CUORE a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya, da suka jera dunƙulen teluriyam masu kama da ƙanƙara guda 988 suna jiran wani irin ruɓewa da ba a taɓa gani ba. Su nutiron abokin gaba ne a wurinsu, don duk wanda ya kutso yana iya haifar da alamar ƙarya.

Abin da ake aunawa shi ne yiwuwar nutiron ya shiga hannun ƙwayar zarra, ana kuma ƙiyasta shi kamar faɗin wani ɗan fili da ƙwayar ta shimfiɗa. Ma'auninsa barn. Faɗin nan ba ya tsayawa wuri guda. Yana sauyawa da gudun nutiron, tun daga mai tafiyar hawainiya, wato mita 2200 a daƙiƙa, wanda shi ne na cikin tukunya bayan ruwa ya sanyaya shi, har zuwa mai ƙarfin MeV 20 (eV shi ne ma'aunin ƙarfi a wannan fanni, keV dubunsa ne, MeV kuma miliyansa). Mai tantancewa dole ya ba da lamba a kowane mataki na wannan tazara, ko an auna wurin ko ba a auna ba.

Na fara da inda na ɗauka ya fi sauƙi, wato nutiron mai sanyi. Rumbun EXFOR, wanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Viyana take kula da shi tare da wasu cibiyoyi, yana ɗauke da sakamakon awo tun na shekarun farko na wannan fanni. Sai ga shi tsofaffin littattafai sun ba da barn 0.29, sababbi kuma suna kusa da 0.2. Bambancin ya kai kusan sulusi, a kan sinadarin da ake yin magani da shi. A nan zuciya takan raya wa mutum ya tara lambobin ya raba, ya huta. Wannan shi ne abu na farko da aikin ya cire mini daga kai, domin lambobin da ke cikin rumbu ba danginsu ɗaya ba, kuma ba ka sanin haka sai ka koma ka karanta takardar da kowace ta fito daga ciki, shafi bayan shafi, har da 'yan bayanan ƙasan tebur.

Ga misali. Mafi yawan masu awon sun haska samfuri ne da nutiron, suka fito da shi, suka ƙirga hasken gama da yake fitarwa. Amma teluriyam-131 kala biyu yake fitowa. Ɗaya rabinsa na ƙarewa cikin minti 25. Ɗayan, wanda ake maƙala wa harafin m, yana daɗewa. A da an rubuta masa awa 30, daga baya aka gyara zuwa wajen awa 33. Kusan rubu'in na biyun yana gangarowa ya zama na farko, sauran kuma ya wuce kai tsaye zuwa aidin. Wanda ya ƙirga hasken teluriyam jim kaɗan bayan fitowa daga tukunya, da wanda ya jira kwanaki ya ƙirga hasken aidin mai ƙarfin keV 364, ba abu ɗaya suka auna ba, ko da kan tebur ɗinsu suna ɗaya ne. Kowannensu kuma ya yi lissafinsa da alƙaluman ruɓewa na zamaninsa. Aikina ya koma gano me kowane ya yi amfani da shi, in sake masa lissafi da na yau. In mai takarda ya rubuta waɗannan bayanai, aikinsa na iya rayuwa shekara hamsin bayansa. In bai rubuta ba, komai ƙwarewarsa, sai dai in faɗaɗa masa gejin kuskure ko in ajiye shi gefe, kuma na ajiye wasu da nake kyautata zaton an yi su da kyau.

Sai maganar tsarkin samfuri, wadda ta fi komai ba ni mamaki. Teluriyam-123 bai kai kashi ɗaya cikin 100 na teluriyam ɗin ƙasa ba, 0.89 ne kacal. Amma faɗin kamunsa ya haura barn 400, saboda wani tudun kamu, wato matakin ƙarfi inda faɗin kamu ke tashi sama farat ɗaya, da yake da shi a wajen eV 2.3. Ka ninka ka gani: a cikin barn 4.7 da teluriyam gaba ɗaya yake haɗiyewa, kusan kashi huɗu cikin biyar nasa ne shi kaɗai. To a ce an tace samfuri ya zama kusan zallar 130, amma an bar ɓurɓushin 123 kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ɓurɓushi zai haɗiye nutiron ninki biyu na abin da duk sauran samfurin ya haɗiye. Wanda ke bin sawun aidin bai damu sosai ba, don 123 ba ya haifar da aidin. Wanda ke ƙirga duk hasken da ke fita a daidai lokacin kamu kuwa, in bai cire rabon 123 ba, lambarsa ta tashi daga aiki. Tun daga nan, kafin in dubi sakamakon kowace takarda, teburin abin da samfurin ya ƙunsa nake fara nema.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne ta wajen zinare. Da wuya a auna faɗin kamu kai tsaye, domin ƙirga nutiron ɗin da suka ratsa samfuri aiki ne mai wuya. Abin da ake yi shi ne a liƙa siririn fallen zinare kusa da samfurin, a haska su tare, a ce wannan ya kama kashi kaza na abin da zinare ya kama. Zinare ne mudun kasuwar. In kuwa wata rana aka gano mudun ya ɗan fi yadda aka zata girma, to duk buhun da aka taɓa aunawa da shi sai an sake masa lissafi. Haka ya faru. A 1988 aka auna zinare a Karlsruhe ta Jamus a matakin keV 30, wanda shi ne zafin cikin taurari da masu nazarin sama ke amfani da shi, aka samu milibarn 582 (milibarn shi ne kashi ɗaya cikin dubu na barn). Shekaru da dama kowa na auna sauran sinadarai da wannan lamba. Daga baya awon da aka yi da na'urar n_TOF ta cibiyar bincike ta CERN da ke Jeneba da kuma na'urar GELINA ta Beljiyam suka nuna abin ya fi kusa da 612, ƙarin wajen kashi 5 cikin 100.

Abin sha'awar shi ne wa wannan gyara ya shafa, wa kuma bai shafa ba. A 1992 Wisshak da Käppeler da abokan aikinsu a Karlsruhe sun auna teluriyam-122, 123 da 124, suka samu kimanin milibarn 295, 808 da 155. Waɗannan ukun na musamman ne: ba a samar da su sai ta hanyar kamun nutiron a sannu a cikin taurari, saboda wasu ire-iren kuza da antimoni sun tare musu ɗaya hanyar, wato ta kamu cikin sauri. Nazariyya ta ce in ka ninka faɗin kamun kowanne da yawansa a ƙasa, amsoshin uku za su zo kusan ɗaya, mai saurin kamu ya yi ƙaranci, mai jinkiri ya yi yawa. Suka ninka, ya kuwa zo daidai. Da aka gyara zinare, lambobin uku duk sun tashi, amma gwajin bai girgiza ba, domin da mudu ɗaya aka auna su, kuskuren ya hau kansu daidai wa daida. Mai lissafin garkuwa ko yawan abin da za a samar kuwa, shi lambar kanta yake buƙata, kuma gyaran ya same shi gaba ɗaya. A nan na fahimci me ya sa kundaye ke keɓe sashe guda don alaƙar da ke tsakanin kurakurai. Awo goma da suka dogara da zinare ɗaya ba shaidu goma ba ne. In ka ɗauke su a matsayin masu zaman kansu, lissafi zai ba ka gejin kuskure ɗan ƙarami mai daɗin gani, wanda ba gaskiya ba ne.

Tsakanin nutiron mai sanyi da mai gudu akwai yankin tuddai, inda faɗin kamu ke tashi sama farat ɗaya ya sake faɗowa. Teluriyam-130 na da nutiron 78, kusa da 82 da ke cika zagaye, don haka tuddansa kaɗan ne kuma nesa da juna. A keV 30 wajen milibarn 15 kawai yake kamawa, ka kwatanta da 295 na teluriyam-122, ɗan'uwansa. Kundin tuddai da Mughabghab na cibiyar Brookhaven ta Amurka ya tattara shi ne madogarar kowa a nan. Sai dai in ka tara gudummawar duk tuddan da aka gani, sau da yawa ba ta yin daidai da abin da aka auna a mataki mai sanyi. Abin da masu tantancewa ke yi shi ne su dasa wani tudu a ƙasa da sifili, su daidaita girmansa har lissafi ya haɗu da awo. Nazariyya ta yarda da wanzuwar irinsa, amma ba wanda ya gan shi da na'ura. Da na ga haka na tafi wajen malamin da ke duba aikina.

“Ranka ya daɗe, wannan ba ƙirƙira ba ce?”

Ya ce, “Ƙirƙira ce in ka ɓoye. Rubuta cewa kai ka sa shi, da dalilin da ya sa, da lambar da ka so ya cimma. Wanda zai zo bayanka in ya sami awo mafi kyau, ya san abin da zai cire.”

Sama da nan kuma, inda awo ya yi ƙaranci in ban da 'yan ɗigo a kusa da MeV 14, manhajoji irin su TALYS da EMPIRE ke cike giɓi. Suna zana layi mai santsi, kyakkyawa, daga farko har ƙarshe, kuma wannan kyau shi ne hatsarinsu. Ka ɗan taɓa yadda aka ƙiyasta cunkoson matakan ƙwayar zarra, layin ya tashi ko ya sauka sosai, ga shi har yanzu da santsinsa. A ganina wannan ne babban abin da mai amfani da kundi ba ya gani: a cikin fayil, lambar da aka auna da kyau da wadda manhaja ta hasasa kamanninsu ɗaya, jerin adadi ɗaya, tsawo ɗaya. Kuma in ka ga kundaye uku sun yi ittifaƙi, kada ka yi saurin murna, don sukan ari fayil daga juna, musamman a kan sinadaran da uraniyam ke haifarwa in ya tsage, waɗanda teluriyam na cikinsu.

Zuba sakamako cikin tsarin rubuta fayil na ENDF-6 aikin haƙuri ne kawai. Kowane layi gurbi 80 ne, gadon zamanin katin kwamfuta mai huji. Kowane irin faɗi na da lambar sashensa: kamu lambarsa 102, jimla lambarta 1, kuma dole ƙananan su taru su ba da jimlar, in ba haka ba manhajar NJOY da sauran masu duba fayil su dawo maka da shi.

Abin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. A Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar bincike NIRR-1 da ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa uraniyam da ba a tace sosai ba a 2018. Babban aikinta auna sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu, abinci da ganyayyaki ta hanyar haska su da nutiron. Mai neman teluriyam a cikin dutse ta wannan hanya yakan bi sawun aidin-131 ne, kuma in dutsen na ɗauke da uraniyam, shi ma yana tsagewa ya haifar da aidin-131 ɗin nan, sai an cire rabonsa. Kowane mataki na wannan lissafi yana tsaye ne a kan lambar da wani ya yanke wa hukunci a Viyana ko Brookhaven ko Tokai ta Japan.

A farkon kowane fayil akwai sashen bayani, mai lamba 451, inda mai tantancewa ke rubuta da kalmomi abin da ya yi. Manhaja tsallake shi take yi, mutane ma haka. A nawa na lissafa awon da na karɓa da waɗanda na ajiye da dalilin kowanne, na faɗi lambar zinaren da na daidaita komai a kanta, na nuna tudun da na dasa da hannuna, na kuma ja iyaka a inda awo ya ƙare manhaja ta karɓa. Ya ɗauke ni lokaci fiye da lissafin kansa, kuma shi ne sashen da masu jarrabawa suka fi tsare ni a kai ranar kare aikin.