Kwana uku a Daɗin Kowa wajen neman yoyon jirgin Kawu

Shekaranjiya na dawo Bauchi daga Daɗin Kowa, kuma har yanzu warin man dizal bai gama fita daga hannuna ba. Kawuna ne ya kira ni. Ya sayo wani jirgin ruwa mai inji, na hannu, daga Legas, aka ɗauko shi a tirela har bakin madatsar ruwan garin, sai ga shi kullum safiya ana tarar da ruwa kwance a ƙasansa. A lissafin Kawu, tunda na shekara 11 ina aikin famfo, to yoyo duk yoyo ne, ko na banɗaki ko na jirgi. Ban musa ba, domin ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Hanyar Bauchi zuwa Gombe ba ta da wani labari, in ban da gadar Dindima, inda na leƙa kogin Gongola na tuna cewa wannan ruwan ne zan je in tarar an tare shi a Daɗin Kowa. Bayan mun wuce Alƙaleri wani jami'i ya tsare mu a shinge, ya zazzage jakata a gefen titi, ya ce sai na nuna masa rasit na sufanu da maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni. Fasinjoji ne suka sa baki ya ƙyale ni, bai kuma taya ni tsince ko ƙusa ɗaya ba.

Daga Gombe tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, ta hanyar Biu. An kammala madatsar a shekarar 1984, kuma wanda iyakar saninsa dam ɗin Gubi ne irina, dole ya tsaya ya yi shiru idan ya ga faɗin wannan ruwa. Jirgin na faiba ne, fari, da ɗan ɗaki mai tagogi, injinsa kuma a ciki yake, ba irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale ba. Ina shiga na ɗaga katakon ƙasa na ga ruwa ya kai idon sawu, nan take na ciro silikon ina neman tsaga.

Wani dattijo da Kawu ya ɗauka tuƙi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen tafkin Chadi, ya ce: "Malam, ajiye gam ɗin nan tukuna. Inda ruwa ya kwanta daban, inda ya shigo daban." Na ce: "To Baba, ta ina za mu fara?" Ya sa muka kwashe ruwan tas, muka goge da tsumma har ko'ina ya bushe, sannan ya aika yaro gidansa ya ɗebo toka a murhu, ya tankaɗe ta, ya barbaɗa a ƙasan jirgin da kewayen kowane rami da tiyo ya ratsa. Dabarar ita ce duk ɗigon da ya gangaro zai bar sawu a kan tokar, sai a bi sawun a koma sama har inda ya faro. Muka zauna awa biyu, jirgin yana kan ruwa, inji a kashe, tokar ba ta jiƙe ba ko kaɗan. Wannan ya nuna mana jikin jirgin lafiya lau yake, da na bi ra'ayina kuwa da na ƙarar da silikon a banza.

Sai ya sa aka riƙa kwara bokitin ruwa a waje, ana farawa daga ƙasa ana hawa sannu a hankali, ni kuma ina ciki da tocila. Da aka kai tagar hagu, sai ga siririn ruwa yana bin bayan allon bango, ya yi tafiyar da ta fi kamu shida kafin ya bayyana kusa da inji. Robar tagar ce rana ta cinye, ruwan sama yake shiga ta nan. Abin ya tuna mini da rufin nan na siminti da muke fama da shi a Bauchi, inda ɗigo yake fitowa a falo alhali tsagar tana kan kicin.

Yoyo na biyu bai nuna kansa ba sai da muka tayar da inji muka fara tafiya. Baba ya taɓa danshin ya ce da ɗumi, saboda haka ruwan da ya riga ya sanyaya inji ne yake hanyar fita. Kilif ɗin da ya ɗaure tiyon ya yi tsatsa ya saki. A nan kam aikina ne, sai dai samun kilif da ba ya tsatsa ya sa na koma Gombe, inda wani mai shago ya ga ni baƙo ne ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka na kasuwar Muda Lawal. Na yi ciniki har na gaji, na sayi huɗu, domin Baba ya ce bibbiyu ake sa wa duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa. Gaskiya mutanen Gombe sun fi mu sakin fuska, amma a wajen ciniki ba su san ɗan'uwa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ukun. A wurin da sandar farfela ta ratsa jikin jirgi ta fita, na ga ruwa yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, na sa sufana zan ɗaure notin wurin tamau, Baba ya riƙe hannuna. Ya ce igiya mai maiƙo ce aka cusa a kewayen sandar, kuma 'yan ɗigon da ke fita a minti ɗaya idan tana juyawa su ne suke sanyaya wurin, idan aka toshe su gaba ɗaya igiyar za ta ƙone ta ci sandar. A duk shekarun da na yi a sana'a ban taɓa cin karo da yoyon da ake bari da gangan ba. Muka ɗan matsa shi kaɗan, muka yi tafiya, ya ɗora tafin hannu ya ji ba zafi, ya ce ya isa.

Masu kwalekwalen katako da ke gefe suna ta yi mana dariya, su da tsumma da kwalta da guntun gwangwani sun gama nasu gyaran kafin azahar. A gidan Baba na kwana duka dararen, matarsa ta yi mana farfesun tarwaɗa, da na miƙa masa ɗan abin goro kuma ya ce in mayar aljihu kada in ɓata masa rai. Ran na uku muka fita gwaji da sassafe, ya nuna mini kan dorina daga nesa ya karkata jirgi ba tare da ya ce komai ba. Da muka dawo ƙasan jirgin a bushe yake. Na sayi albasa a Kwadon, na sami mota a Gombe bayan la'asar, shingen Alƙaleri kuwa mun tarar ba kowa.