Ba kowane aiki ne na babban inji ba, amma lissafin taki kar ka ba ƙarami

Jiya bayan la'asar wani ƙanina da ya gama Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ya samu aiki a wani ofis ya turo min saƙo wai yaya dan Allah wannan mataimakin AI da aka sa mana a kwamfuta akwai wani ɗan wuri a sama da ake zaɓe, wanne zan danna. Na fara ba shi amsa a WhatsApp sai na ga abin ya yi tsawo, shi ne na ce bari in kawo nan kowa ya amfana, dan ni ma na jima ban san amfanin wurin nan ba.

Ni dai aikina lissafi da rubuce-rubucen ofis ne a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, dilolinmu suna zuwa daga Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtua har Mai'adua, kuma wanda ya san harkar nan ya san daga watan biyar zuwa na bakwai ba mu da lokacin ko shan fura.

Abu na farko da na fahimtar da shi, mataimakin daban, abin da ke tunani a cikinshi daban. 'Yan boko suna ce mishi modal, ni inji nake ce mishi, dan kaman mota ne, jiki ɗaya amma ana iya sauya mata inji. ChatGPT da ya fito a watan Nuwamba 2022 injin da ke cikinshi lokacin ba shi ne na yanzu ba, an canza ya fi a ƙirga. Copilot na Microsoft da ke cikin Word da Excel da injinan kamfanin OpenAI masu ChatGPT ya taso, sai a watan Satumba 2025 suka fara ba da damar zaɓen Claude na kamfanin Anthropic a wasu sassan. Kuma kusan kowane kamfani yana da ƙarami da babba, Google suna da Gemini Flash da Gemini Pro, Anthropic suna da Haiku da Sonnet da Opus. Sunayen suna da yawa amma a wurin aiki kusan kashi biyu ne, mai amsa nan take da mai tsayawa ya yi nazari.

Mai saurin shi nake ba yawancin aikina kuma ba na jin wani ɗar. Imel ɗin tunatar da dila ranar biya, gyara Turancin wasiƙa, taƙaita abin da aka faɗa a mitin, sanarwar hutun sallah, duk wannan kafin ka ɗauke hannu daga kan madanni ya gama, in ma ya yi kuskure idona zai gani dan gajere ne kuma na san abin da nake so ya faɗa. Wanda zai kai buhu ɗaya daga babbar kasuwa zuwa Ƙofar Soro ai keke napep zai tare, ba tirela ba. Akwai abokan aikina da suke barin babban injin a kunne kullum wai ai shi ne mai kyau, sai ka ga mutum ya zauna yana kallon allo yana jiran amsar layi uku, ga intanet ɗinmu da sai a hankali, kuma kafin azahar ya cinye adadin da aka ware mishi, lokacin da aiki mai nauyi zai zo babu sauran komai. Abin yana damuna gaskiya, dan kuɗin nan da dala ake biya.

Toh amma ga inda na koyi darasi. Daminar bara Alhaji maigidanmu ya ce in haɗa mishi lissafin dilolin da suka ɗauki takin NPK da yuriya bashi, wa ya biya, wa ya yi saura, takardar Excel ce doguwa mai layuka da yawa kuma mutum uku ne suka riƙa shigar da bayanai kowa da yadda yake rubuta suna. Na ɗora ma mai saurin, cikin daƙiƙu ya kawo min tebur tsaf, wallahi in ka ganshi ba za ka ce akwai matsala ba. Ashe ya haɗe diloli biyu masu suna kusan iri ɗaya ya mai da su mutum ɗaya, ya ɗora ma ɗaya bashin buhunan da bai taɓa ɗauka ba. Allah Ya taimaka Hajiya mai kula da sito ta duba kafin a buga waya, ta ce min ɗan nan wannan bawan Allah ai tun watan jiya ya gama biya, ni na rubuta mishi rasit. Ka yi tunanin an kira dattijo da ya shekara da shekaru yana ciniki da mu an ce ana binshi bashi, wannan ba kuɗi kawai za a rasa ba, mutunci ne, kuma a garin nan magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Da na sake ba mai nazarin aikin ya ɗauki 'yan mintuna, amma shi sai ya tsaya ya ce sunaye biyun nan sun yi kama amma lambar waya da gari sun bambanta, mutum ɗaya ne ko biyu. Dalilin kuwa shi ne dukansu kalma bayan kalma suke hasashe, sai dai mai nazarin yana fara rubuta matakan aikin wa kanshi yana dubawa kafin ya ba ka amsa, wannan rubutun ne ke cin lokaci da tokin, wato guntayen kalmomin da ake ƙirgawa a caje ka. Duk da haka ko shi ban yarda ya tara min adadi da ka ba, cewa nake ya rubuta min fomula in sa a Excel da hannuna, na'urar lissafi ta yi lissafin.

Tun daga ranar tambaya ɗaya nake ma kaina kafin in zaɓa, in ya yi kuskure zan gani da idona ko sai ya kai ga wani? In zan gani, ƙarami ya isa. In kuwa kuskuren zai ɓuya a cikin lambobi ko cikin yarjejeniya mai shafi talatin, babba nake ɗauka in haƙura da jiran.

Akwai kuma wanda ke zaɓa maka da kanshi, tun da GPT-5, injin ChatGPT, ya fito a watan Agusta 2025 wannan tsarin ya yawaita, yana duba tambayarka ya tura ta ga wanda yake ganin ya dace. Yana da amfani ga aikin yau da kullum, sai dai shi siffar tambaya yake gani, bai san cewa layi biyun da ka rubuta akwai miliyoyin naira a bayansu ba, dan haka a irin wannan da hannu nake zaɓa.

Maganar Hausa kuma nan ne ma bambancin ya fi fitowa. Wasiƙa zuwa ga hakimi ko dagaci kan rabon iri ba irin wasiƙar banki ba ce, sai da ranka ya daɗe da gaisuwa da sanin ya kamata, ƙananan injinan sau da yawa Turanci suke tunani su sa mishi rigar Hausa, za ka karanta ka ji ba haka mutum ke magana ba. Manyan sun fi dama-dama amma har yanzu sai na bi da kaina na gyara. Na ji daɗi da aka ƙaddamar da N-ATLaS a 2025, injin Najeriya na Hausa da Yarbanci da Ibo, ina fatan ya kai inda za mu dogara da shi a ofis.

Sannan dan Allah a kula da bayanan mutane. Muna riƙe da lambobin waya da NIN da lambar asusun manoma, kuma akwai dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, amana ce kafin ma a zo ga doka. Duk kyan inji in a asusunka na kanka na kyauta yake, ba wanda kamfani ya amince da shi ba, kar ka zuba mishi irin wannan.

Ƙanin nawa ya ce toh yaya in sabo ya fito fa, tunda kusan duk wata sai an ji sabon suna. Na ce mishi ya ajiye ayyuka huɗu ko biyar na ofishinsu waɗanda ya riga ya san amsarsu, duk injin da aka kawo ya gwada shi da su. Nawa suna nan cikin wata jaka a kwamfuta, wasiƙar hakimi ɗaya, yarjejeniyar haya ɗaya, bayanan wani mitin, sai takardar bashin nan ta bara da na cire sunayen gaskiya na sa na bogi masu kama da juna, ita nake fara ba kowanne.